Gyaran da Ido Bai Kama Ba

"Baba, sai an kwance shi," in ji 'yarsa, ma'aikaciyar gidan tarihin.

Uban ya jefar da tsumman gogewa. Wata huɗu ya yi a Staten Island yana fama da gilashin tsohuwar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. An kawo shi ne ya gyara ta, domin yanki ɗaya na gilashin ya fashe, babu mai ƙera irinsa yanzu, sai aka yanko madadinsa da roba. Sau shida yana rina robar kafin ta ɗauki koren tsohon gilashin.

"Nuna mini shi in kin isa!"

Ta zagaya fitilar sau biyu, ta kasa.

"Kin gani? A garinmu Damagaram, gyaran da ido ya kama abin kunya ne."

"Matsalar ke nan, Baba. Dole mai gyara na gaba ya bambance sabo da tsoho, kada ya wanke robar da maganin gilashi ta tsattsage."

Ya ja tsaki, ya kwance yankin. Ya daɗe yana juya shi a haske, yana neman aibi, bai samu ba. Sai ya ɗauki ƙusa, ya karce shi da hannunsa, ya yi masa aibin da ido zai kama.