Warƙa Tamanin da Huɗu

Doka ɗaya Lalla Zuhur, shugabar ɗakin karatun, ta kafa wa Nuhaila ranar da ta fara aiki, kuma a tsaye ta faɗa mata ita. Duk littafin rubutun hannu da zai tafi teburin mai karatu, a ƙirga warƙoƙinsa a gaban idonsa. In ya dawo da shi a sake ƙirgawa, sannan a sa hannu. Ɗalibin da ya zo bara warƙa ɗaya ce ta ɓace a hannunsa, a ranar aka sallame shi, aka kuma rubuta wa jami'arsu.

Nuhaila ta ce ta ji. Daga Tarudant ta taso, tafiyar yini cur a mota, don ta yi wata biyu na hutun bazara tana sanin makamar aiki a wannan tsohon ɗakin karatu na Fas. Ba ta san kowa a birnin ba, masaukinta ma sai ta yi ɓatan kai a lunguna kafin ta same shi. In ba ta koma da takardar shaida daga hannun Lalla Zuhur ba, to babu digiri bana, ga shi uwarta ta riga ta cika unguwa da labari.

A kwana na uku wani mai karatu, Si Mufaddal, ya shigo. Tsoho ne tukuf, cikin farar jallabiya, yana dogara sanda. Ya wuce tsofaffin ma'aikata biyu, ya zauna yana jira har aiki ya ɗauke musu hankali, sannan ya nufo teburinta. Wani littafin magunguna ya nema, ya faɗi lambarsa da ka. Ɗinkin littafin ya kwance tun tuni, warƙoƙin a sake suke cikin bangon fata mai igiya. Katin rajistar littafin ya ce warƙa tamanin da huɗu ne.

Ta fara ƙirga. Shi kuwa ya shiga tambayarta garinsu, da 'yar wane ce, yana sa wa iyayenta albarka. A gidansu Nuhaila ko ƙwai aka aike ka ka kai wa dattijo, ba ka tsayawa lissafi a gabansa. Tana kai goma kunya ta rufe ta.

“Ƙirga mana, 'yata,” in ji shi. “Ai aikinki ne.”

Wannan maganar ce ta ƙarasa ta. Ta tura masa littafin da hannu biyu. Da ya dawo da shi ta rubuta cikakke ne, ta sa hannu.

To wanda bai ƙirga ba ranar farko, da wane ido zai fara washegari? Ai daidai yake da ya ce wa tsoho ɓarawo. Haka aka yi ta yi. Kullum da hantsi sai ya zo, ya jira ta, ya ɗauki littafin ya koma can lungu bayan ginshiƙi, bai fi rabin sa'a ba ya dawo da shi. Kullum igiyar sai ta ƙara ba ta wuya wajen ɗauri, ta ce zafin Fas ne yake busar da fata.

A zuwansa na tara ta ɗaga kai daga aikinta. Si Mufaddal ya dubi dama, ya dubi hagu. Hannunsa ya yi wuf tsakanin littafin da ƙirjin jallabiyarsa, ta kuma ga gefen tsohuwar takarda, jaja-jaja, tsakanin yatsunsa.

Ya taso a hankali, ya ajiye littafin a gabanta. Idanunsa sun kawo ruwa.

“Na gama, ba za ki sake ganina ba. Allah ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini.”

Ba ta kira mai gadi ba. Tana jin ƙarar sandarsa tana sauka matakala har ta ɓace.

Ta kwance igiyar ta fara ƙirga ita kaɗai. Sau uku lissafin yana kwance mata wajen talatin da wani abu. Tana iya sa hannu ta yi shiru abinta. Amma a ƙarshen bazara ake bin littattafan ɗaya bayan ɗaya, kuma sunanta ne jere a rajista har sau takwas. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ta rungumi littafin ta nufi ofis.

Lalla Zuhur ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta tambaya sau nawa, Nuhaila ta ce tara da na yau. Ta tambaya ko ta taɓa ƙirgawa ko sau ɗaya, Nuhaila ta ce a'a. Ta tambayi sunan tsohon, aka faɗa mata. Sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta wanke hannu, ta fara ɗaga warƙoƙin tana ƙirgawa a bayyane.

Arba'in. Sittin. Nuhaila ta runtse ido, tana neman abin da za ta gaya wa uwarta, ba ta samu ba. Saba'in da biyar. Tsoro take ji irin wanda ba ta taɓa ji ba, jira kawai take muryar ta tsaya. Tamanin. Tamanin da huɗu.

Muryar ba ta tsaya ba sai a casa'in da uku.

Lalla Zuhur ta cire tabarau, ta juya katin, ta daɗe tana duban wani dusasshen rubutu a bayansa, sannan ta tura wa Nuhaila ta karanta da kanta. Warƙa tara ne suka ɓace daga littafin shekara arba'in da ɗaya da suka wuce, a bazarar da wani ɗalibi mai suna Mufaddal ya zo sanin makamar aiki, su ne kuwa tsohon ya yi ta mayarwa ɗaya-ɗaya, ta hannun mutum ɗaya tak a ginin da ya tabbata ba za ta ƙirga ba.