Wuri na Huɗu

A ofishin malamai, malamin tarihi ya miƙa wa wata malama, abokiyar aikinsa, tsarin yawon buɗe idon da za su kai ɗalibai babban birni.

"Malama, duba min."

Ta karanta: gidan namun daji, gidan tarihi, babbar gada. A na huɗu ta tsaya cak. Adireshin Baffanta ne, wanda ya kori manemanta biyu.

"Nan ma da yaran za ka?"

"Ni kaɗai, in gaishe shi. In kin yarda."

Ta daɗe tana juya jan biro. Can ta soke adireshin. Ya runtse ido.

"Ya tashi daga nan," ta ce, tana rubuta sabon a ƙasa. "Kuma kada ka je masa ba hula."