Moɗa Mai Jan Zare

Ina ƙarama 'yan bindiga suka sako Baffa Sale, ƙanen babana, daga dajin Birnin Gwari. Ya dawo yana magana shi kaɗai. Matan gidanmu suka ɗaura wa moɗarsa jan zare, wai kada wani ya sha ya ɗauki hauka.

Wata la'asar Kaka ta ba shi ruwa, ta karɓi moɗar ta shanye sauran a gabanmu.

"Inna, kada ki sha!" in ji babana.

Ta ce, "Ni na haife shi. In ana ɗauka, ni zan fara."

Kafin magariba ita ma an ɗaura wa tata.

Yanzu rediyo na cewa ciwo ne kamar kowane ciwo. Ita kam har ta rasu ba a kwance zaren ba.