Goron Osmanu Mai Bidiyo

Ɗana Saifullah ya mayar wa Osmanu goron neman aurena, wai mace mai jikoki ba ta aure. Ko tambayata bai yi ba.

Washegari Osmanu ya zo rumfata a kasuwar Race Course, ya ƙi zama, ya miƙo mini waya. Tsohon kaset ɗin bikin ƙawata Habibatu ne ya kai wani shago a unguwar Adum aka juye a wayar. Shi ya ɗauka, lokacin yana mai bidiyo.

Ga gidanmu na Zongo kafin a rushe shi, ga marigayiya Inna tana tuƙa tuwo. Sai hoton ya bar amarya ya tsaya a kaina, ina gyara ɗankwali ina dariya. Ya daɗe a nan yana girgiza.

"Uban amarya ya zage ni saboda wannan," in ji shi a hankali. "Rashida, har yau hannuna yana rawa in na gan ki. Amma ba zan raba ki da ɗanki ba."

Na kasa kallonsa, na kuma kasa mayar masa da wayar.

Ina komawa gida na ce wa ɗana, "Saifullah, tun rasuwar ubanka ba wanda ya kira ni da sunana sai Osmanu. Ɗauki hularka, ka je ka karɓo goron nan yau."