Rawar Hajiya a Kwamfutar Mai Hoto

Ka ga, an yi wani mai ɗaukar hoton biki, gwani ne, kuma shi ya fi kowa faɗin haka. Shagunansa uku a garuruwa uku, kowanne da kwamfuta maƙil da hotuna da bidiyon bukukuwa. Ya haɗa su ta intanet, kana nan kana kallon abin da ke ajiye can. Sai dai lambar sirri ɗaya ya sa wa komai, kowa ya zo ya raɗa masa. Ran nan wani dattijo, kawun ango, ya zo ganin hotunan ɗaurin aure. Yatsa ya zame, sai ga bidiyon kamu, taron mata zalla, ga Hajiyarsa a tsakiyar fili, gyale a ƙugu, tana kwasar rawa. Matar da shekara goma ciwon gwiwa ya hana ta miƙo masa buta! Kafin la'asar labari ya game gari, mata suka rantse kyamarar mai hoto ba ta ƙara taka bikinsu. Gogan ya firgita, ya canza lambar ya riƙe ta shi kaɗai. Uwar amarya ta sha rana ta je shagonsa na biyu, ba ya nan, ta koma ko hoton 'yarta ba ta gani ba.

Ya zauna a gida yana mita, wai garin nan ba a san darajar gwani ba. Matarsa tana tankaɗe ta ce, "Malam, baƙonka a zaure yake tsayawa, ko har ɗakina kake kawo shi?" Washegari ya raba lambobi. Ta maza ta buɗe ɗaurin aure a kowane shago. Ta mata tana hannun uwar amarya, ta ara wa wadda ta ga dama, na kwana ɗaya ko na mako, ta janye in ranta ya ɓaci. Mata suka dawo da shi biki, shi kuwa yana ta shela wai dabarar a kansa ta tsiro. Kawun ango ya zaga shaguna ukun nan da lambarsa yana neman rawar Hajiya, bai samu komai ba sai kansa cikin babbar riga, yana hamma. Dama Hausawa sun ce, kowace ƙwarya da abokin burminta.