Rabon Inna

"Ke kika lalata min aiki!" malamin ya daka wa abokiyar aikinsa tsawa a gaban ɗalibai. Ta fice daga ɗakin gwaji tana share hawaye.

Binciken nasa a kan 'yan raguna ne, a garken bayan gidansa. Masu jan zare a wuya ana zuba musu sinadarin seleniyam a dusa, masu farin zare kuwa dusa zalla. Kullum shi ke haɗa bokiti biyu kafin ya fita, mahaifiyarsa ta ba ragunan. Amma da aka yanka rukunin farko, abokiyar aikin ta auna furotin, wato sinadarin gina jiki, a tsoka da hanta, sai ga ja da fari kamar an tsaga kara.

Washegari haushi ya hana shi fita. Da hantsi ya leƙa garke, ya tarar da tsohuwar a durƙushe, ta juye bokitan a baho ɗaya tana cakuɗawa da hannu.

"Inna, me kike yi?"

"Gyara maka nake, ɗan nan. Waɗancan da magani, waɗannan ko oho? Tun da aka kawo su nake haɗawa, kada Allah ya tambaye ka. Ku bakwai na raina, wa na taɓa fifitawa?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai muryarsa ta jiya ta dawo masa. Ya zaro waya, ya nemo lambar matar da ya tozarta, yatsa ya ƙi dannawa.

"Kama min bahon," in ji Inna.

Ya sunkuyar da kai, ya kama.