Sai Mangwaro Ya Ƙare

Daro biyu na tarar a ƙofar kicin da safe, shaƙe da mangwaro, ƙudaje na ta shagali a kai. Kwanana huɗu ke nan a gida bayan shekara shida, kuma tun a kwana na biyu na fara tambayar ƙarfe nawa motar safe ke tashi. Jakata ma ban gama kwance ta ba.

"Bishiyar nan ta haukace bana," in ji Inna, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Zubarwa za mu yi."

Zubarwa? A gabana, ni da na yi wata bakwai a kamfanin sarrafa 'ya'yan itace? Gaskiya ɗaukar kwali nake yi a can, amma ta taga na ga yadda ake komai, kuma ban ga amfanin cika mutane da dogon bayani ba. Na naɗe hannun riga.

"Ba inda za ni sai mangwaron nan ya ƙare," na ce. "Mako biyu, iyaka."

Baba yana gefe yana gyara sarkar tsohon kekensa. Ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da abin da yake yi.

Na yanka mai ƙwari siri-siri, na shanya a faranti, na lulluɓe da tsohon gidan sauro. Tsakar gidan ta ba ni haɗin kai, don ban tuna tana samun rana haka ba, tun hantsi har la'asar. Wanda ya nuna luguf na dafa da sukari da lemun tsami har ya yi kauri, na ɗura a kwalaben da na tafasa. Tukunyar farko ta ƙone. Ta biyu ta yi danƙo, da za a kai wa mai gyaran takalma da ya yi godiya. Ta uku Inna ta lasa ta ce, "Ba laifi," wanda a bakinta daidai yake da lambar yabo.

Bishiyar tana can ƙuryar gida, bayan wasu ɗakuna biyu da aka gina ba na nan. Sau ɗaya na nufi wajen, Inna ta sha gabana. Rina sun yi gida a reshen ƙasa, ta ce, har sun rufe wa mai gyaran rufi ido ɗaya. Ni da nake ba su labarin yadda na ratsa ƙasashe uku ba tsoro, ban sake kallon ƙofar zuwa wajen ba. Tsinka ta zama aikinta ita da Baba, da sassafe, lokacin da gwanin sarrafawa ke sharar barci.

Mako biyu ya zama huɗu. Kullum daro biyu, ba ragi. Kwalabe suka ƙare, aka aro na maƙwabta. Yatsuna suka koma rawaya. Da yamma mukan zauna mu uku muna juya shanya, Inna na lissafa mini wa ya yi aure, wa ya rasu, wa ya tambaye ni har ya gaji. Ina jin daɗi, amma ƙafata ba ta daina ƙaiƙayi ba.

A mako na biyar mangwaron ya sauya kama. Ƙananan nan masu zare da na sani tun ina yaro suka ɓace, sai manya masu jan kunci, ƙwallonsu siriri. Na zaunar da Inna na yi mata bayanin yadda tsohuwar bishiya ke tattara ƙarfinta a ƙarshen lokaci. Ta saurara da baki buɗe.

"Ilimi kogi ne," ta ce. "Gara da ka yi tafiyar nan, ɗan nan."

A titi masu tallar mangwaro sun daina fitowa. Na ɗauki hoton darukanmu na tura wa abokai, su ga albarka. Baba kuwa ya fara ɗingishi. Likita ne ya ce ya riƙa hawa keke da sassafe saboda gwiwa, in ji shi. Na ba shi shawara ya sake likita.

Sai wani abokina ya kira daga can inda na baro. Gurbin aikin da ya riƙe mini ba zai wuce ƙarshen mako ba: ko in zo, ko a bai wa wani. Na sayi tikiti. Amma na yi alkawari a gaban iyaye, kuma ba a san ni da saɓa magana ba, in ban da shekara biyun da na ce zan yi suka zama shida. Dabara ɗaya ta rage. In kakkaɓe bishiyar tas a rana ɗaya, in dafa, in ɗura, in kama hanya.

Na tashi tun kafin rana ta fito. Na sa riga uku, safa a hannu, bargo a ka, doguwar gora a kafaɗa. Na lallaɓa ta gefen sababbin ɗakunan ina karanto duk addu'ar da na tuna, na tura ƙofar da ƙafa.

Motar ta tashi washegari ba da ni ba. Duk wanda ya tambaya, cewa nake aiki ne ya riƙe ni. Ba na faɗa musu abin da na gani da na yaye bargon: ba rina, ba reshe, ba ko ganye ɗaya, sai Baba zaune a kan kututturen bishiyar da ya yi shekaru da bushewa, gwiwa a miƙe, keke a jingine, yana zaro mangwaro daga buhu yana ɓamɓare 'yar takardar kanti daga jikin kowanne kafin ya jefa a daro.